Shekarar da Mu'azu Ya Shigo Mana da Yaƙi

Akwai shekarar da ku ƙanana kuka riƙa tambaya me ya sa Kawunku Malam Sahabi ya daina zuwa gidanmu na Ƙofar Kware, aka riƙa ba ku irin amsar da ake ba yara: ƙafa ce ke damunsa, ɗalibai sun yi masa yawa. Ƙafar kam tana damunsa, amma ba ita ta hana shi ba. Yanzu kun girma, wasunku sun ji labarin a bakin mutanen waje, kowa da gishirin da ya ƙara, har an ce wai yayanku Mu'azu ya zagi kakanninmu don Turawa su ba shi aiki. Na ga gara ku ji yadda abin ya faru daga bakina, tun da ni ce na tayar da maganar, ba shi ba.

A shekarar ce na ajiye aikin koyar da tarihi a makarantar sakandaren 'yan mata, ina murnar zan huta. Abin da ya rage mini shi ne karatun matan aure da nake bayarwa da yamma a gidanmu na gado a Ƙofar Rini, inda Yaya Sahabi yake zaune a matsayin babban gida tun rasuwar mahaifinmu. A wannan shekarar kuma Mu'azu ya shigo wata rana da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana ofis, ya durƙusa gaban babanku ya ce ya bar aikinsa na gwamnati, zai ƙera wasan kwamfuta.

Ni ban yi mamaki kamar babanku ba. Tun Mu'azu yana ɗan sakandare nake ganinsa da irin wasannin nan na yaƙi, waɗanda mutum ke zama kamar sarkin yaƙi yana kallon ƙasa daga sama, ya gina gari, ya tara runduna, ya tura ta inda yake so. Ya san sunayen kogunan ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, duk daga can. Akwai ranar da ya kira ni in zo in ga wani wasa da aka ce an sa mutanen ƙasarmu a ciki. Na leƙa na ga wasu ƙatti sanye da fatun namun daji, riƙe da mashi, suna tsalle a gaban bukkoki. Ba ganuwa, ba kasuwa, ba masallaci, ba mai riƙe da littafi ko ɗaya. Ni dariya na yi. Shi bai yi ba, ya kashe kwamfutar ya fita. Don haka da ya ce zai yi wasa a kan yaƙe-yaƙen ƙasar nan kafin zuwan Turawa, na san inda abin ya samo asali.

Babanku kuwa, mutumin da ya tashi a Kara, kasuwar shanu, tun yana riƙe igiyar ɗan maraƙi har ya kai ga loda tireloli zuwa kudu, ya dubi ɗansa ya dube ni.

"Malama, kin ji ɗanki? Mutum da digiri, da kujera, da fanka bisa kai, shi ce shina komawa wasan yara?"

"Alhaji, a bari mu ga abin tukuna," na ce.

"Ke dai kullum a bari a gani. To, na bari. Amma kar wanda yaz zo mani da kuka."

Mu'azu yana da abokin aiki, Bulus, wanda suka yi jami'a tare, ɗan wani gari ne da ke cikin duwatsun kudu da mu. Shi ke zane, Mu'azu ke haɗa aikin ya motsa. Da farko sun kama ɗaki a Kwalkwalawa, amma rashin wuta ya hana su sakat. Mu muna da sola, sai na roƙi babanku ya ba su shigifar da ke kusa da zaure. Haka kwamfutoci suka shigo gidan nan, da kujerun roba, da wata tsohuwar taswira da na ciro musu daga kayan makaranta. Ni kuma, da na ce zan huta, na zama malamar tarihinsu ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Na ji daɗin watannin nan fiye da yadda zan iya gaya muku. Shekaru ina koyar da yaƙe-yaƙe a kan allo, yara suna haddace sunaye suna mantawa bayan jarrabawa. Sai ga shi yanzu ana yi mini tambayoyin da ba a taɓa yi mini ba. Me dakaru ke ci a hanya? Wa ke ɗaukar ruwa? Idan sarkin yaƙi yana nan, rabin rundunarsa tana bayan tudu, yaya umarni ke isa gare su? Wasu na sani, wasu sai na je na tambayi tsofaffi, wasu kuma na ce musu ban sani ba, kada su ƙirƙira su ce tarihi ne. Muka sa cewa ba a fita yaƙi sai an gama girbi, kuma da hadari ya fara haɗuwa manoman cikin runduna za su fara zamewa suna komawa gona, ko an yarda ko ba a yarda ba. Muka sa cewa doki ba ya daɗewa a kurmin kudu saboda ƙudan tsando. Muka sa cewa umarni ba ya isa nan take kamar a wasannin waje, sai manzo ya hau ya kai, kuma yana iya ɓata ko a tare shi. Rijiya ta zama abin da ake faɗa a kanta fiye da ƙofar gari.

Na so in zuba duk abin da na sani, har abin ya yi nauyi. Ranar da suka fara gwada wa babanku, ya zauna yana jiran jakai su kawo gero daga wani zango zuwa wani, kafin su iso barci ya kwashe shi a kan kujera, hularsa ta faɗo. Mu'azu ya juyo yana dariya.

"Inna, kin gani ko? Wasa na, ba aji ba. In mutum yai kwana, ba abin da za ya koya."

Na yarda da shi, ko da yake raina bai so ba. Muka zauna muka raba abubuwa: wanda in an cire shi labarin ya zama ƙarya, ya tsaya, wanda gajiyarwa kawai yake yi, a taƙaita. Jakan suka ƙara sauri, amma ƙishirwa ta tsaya yadda take. Babanku kuma da ya farka ya hango shanun da Bulus ya zana, baƙi da fari kamar na jikin gwangwanin madara, ya yi dariya har da tari. Washegari ya ɗauki Bulus a mota zuwa Kara ya nuna masa irin shanunmu, bokolo da rahaji, ya sayo masa balangu. Tun daga ranar ya daina cewa wasan yara. Da ya dawo kasuwa sai ya leƙa shigifa ya ce a ba shi rundunarsa. A tsakanin nan ne wani kamfani na ƙasar waje ya ga ɗan abin da suka nuna, ya ce yana so, zai ɗauki nauyin ƙarasawa da sayarwa. Gida ya cika da murna.

A cikin wasan akwai wani gari da suka ƙirƙira a gindin duwatsu, mai ganuwa da rijiyoyi, wanda ake so mai wasa ya ci. Babanku ya sha kashi a kansa sau da dama. Wata rana bayan la'asar ina shigowa da kwanon fura na ji ya yi kabbara, ya ci garin. Na matsa in taya shi murna. A kan allon an rubuta ganimar da ya samu: hatsi, ga adadinsa, shanu, ga adadinsu, a ƙasa kuma an rubuta mutane, ga adadinsu, da irin rubutun da girman da aka rubuta shanun. Na ajiye kwanon a ƙasa.

Dole in gaya muku wani abu a nan da ba a faɗa a gidanmu na Ƙofar Rini. Kun san ana jera kakanninmu maza, malami ɗan malami, har yara suna haddacewa. Kakata ta wajen uba, wadda ta rene ni, uwarta ba 'yar malamai ba ce. An kamo ta ne a yaƙi tana yarinya, aka kawo ta birni, ta shiga gidan kakan mahaifinmu, daga baya ta haifa masa 'ya. A gidan ana kiranta Nagode, amma ba shi ne sunan da uwarta ta raɗa mata ba, wancan ya ɓace. Kakata ta ba ni labarin tana yi mini kitso, ba sau ɗaya ba. Ta ce uwarta ba ta tuna yaƙin kansa sosai, hayaƙi kawai da ihu. Abin da take tunawa shi ne hanya. An ɗaure su a igiya ɗaya, ana tafiya cikin rana, kuma tana da ƙane ƙarami da ƙafafunsa suka kumbura ya kasa tafiya. Aka kwance shi aka zaunar da shi a gindin wata bishiya, aka ci gaba. Ta ce har uwar ta tsufa, in tana daka, takan tsaya ta waiga bayanta ba tare da kowa ya kira ta ba.

Na ba su wannan labari a shigifar, a tsaye. Babanku ya sani tun da daɗewa, ya sunkuyar da kai. Mu'azu bai taɓa ji ba.

"Inna, to in cire layin?" ya ce. "Wasannin waje dut haka suka yi. In ka ci gari sai a ba ka zinari, ba a cewa komi."

"In ka cire, ka yi ƙarya. An kama mutane, kowa ya sani."

"To in bar shi yadda shike?"

"In ka bar shi haka, ka ce uwar kakata da saniya ɗaya na."

Bulus, wanda bai cika magana ba, ya ajiye abin zanensa.

"Mama, garin nan da na zana, kufan garin kakanninmu ne. Yana nan a kan dutse har yanzu, muna zuwa kiwo wurin muna yara. Ban faɗa ba don kada in ɓata aikin."

Wata da watanni yaron nan yana cin tuwo a gidanmu, yana kallon babanku yana kai wa garin kakanninsa hari, yau har da kabbara, bai ce uffan ba. Babanku ya miƙe ya dafa kafaɗarsa, ya fita bai sha furar ba.

Abin da suka yi daga baya, shawarar mu uku ce, amma ni na fi matsawa. Suka sa cewa cin gari ba shi ne ƙarshen wasa ba, sai ka komo gida da abin da ka kama. Kowane kamamme Bulus ya ba shi fuska, da suna, da ɗan abin da ya rage a hannunsa: wata da tulu, wani da fartanya, wata da goyo. Suna shan ruwa daga salkar da dakarunka ke sha. In wani ya gaza a hanya, wasan yana tsayawa ya tambaye ka: za ka jira shi ruwanka ya ragu, ko za ka bar shi? Ba mai zaɓar maka. Suka kuma buɗe hanya mutum ya ɗauki ɓangaren mutanen garin, ya yi ƙoƙarin kare ganuwa ko ya fitar da iyalai ta bayan dutse kafin a kewaye su.

Mu'azu ya sa ɗan guntun wannan a intanet don a gani. Bai kwana biyu ba ya zagaya wayoyin Sakkwato, ya isa Ƙofar Rini. Yaya Sahabi ya aiko in zo. Na same shi a zaure bayan azahar, ya sallami ɗalibai, littattafansa a gefe. Ku sani, mutum ne da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yarinya, shi ya tsaya wa mahaifinmu a bar ni in yi boko mai zurfi. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Hadiza, wanga baƙon yaro da kunka aje cikin gida, shi yas sa ku wanga aiki?"

"A'a, Yaya. Ni nas sa su."

"Ke? Ke da kin karanta, kin san abin da masu jihadin ga sunka tsaya a kai? Sun bar gidajensu don addini, sun rubuta littattafai, sun kafa shari'a. Ki ɗauke su ki mai da su 'yan fashi cikin abin wasa, duniya ta gani?"

"Ban ce 'yan fashi na ba. Na ce an kama mutane, kuma an bar wasu bisa hanya. Nagode fa, Yaya? Jininta na jikinka kamar yadda shike jikina."

Ya gyara zama. Sannan ya ce abin da aka rufe shekara da shekaru ba don ƙarya aka rufe shi ba, don mutunci ne, kuma masu neman abin da za su jefi Musulunci da shi sun samu dutse daga hannun 'yar gidan malamai. Ya ce in sa Mu'azu ya cire. Na ce ba zan sa shi ba. Ya ce to, matan da nake koyarwa amana ce a hannunsa, ba zai bar su gaban wadda ta zaɓi wannan hanya ba, in huta da zuwa. Na yi masa sallama, na bi ta tsakar gida na wuce ɗakin da nake karatun. Matan sun riga sun shimfiɗa tabarmi suna jirana. Ban iya tsayawa na yi musu bayani ba.

Ba a daɗe ba kamfanin wajen ma ya aiko da tasa. Suka ce tafiyar komawa gida tana da nauyi, masu saye suna son su ci gari su ji daɗi, ba su zauna suna jin kunya ba. A cire ta, a kuma sa umarni ya riƙa isa nan take, in ba haka ba su janye. Mu'azu ya same ni a madafa da maganar. A nan kam na ji tsoro, don wannan abincinsa ne, ga shi ya bar aiki, ga maganar aurensa ana yi. Na ce masa abin da ke tsakanina da Yaya nawa ne, kada ya ɗauka a kansa. In ya cire ba zan yi fushi ba. Ya ce zai yi shawara da Bulus. Da suka fito daga shigifa ya ce sun amince a gyara wasu abubuwa don wasan ya ƙara sauri, amma hanyar tana nan. Kamfanin ya janye.

Na zaci babanku zai tuna masa da maganar kuka. Bai yi ba. Cewa ya yi:

"Gobe ka tashi da wuri mu tahi Kara. Da safe shanu, da marece yaƙi. Ba ka rasa abin da za ka ci."

Haka aka yi. Mu'azu ya riƙa dawowa da ƙurar kasuwa a ƙafa ya zauna gaban kwamfuta, Bulus ya kama zanen allunan shaguna. Aure aka ɗaga. Sallah ta zo, muka je gaisuwa Ƙofar Rini aka ce Malam yana ciki yana hutawa. Wata Sallar ta zo, haka. A wurin biki wasu 'yan uwa sukan matsa in na zauna. Ba zan ce muku ban yi kuka ba, kuma akwai ranakun da na tambayi kaina ko mace da ta mutu tun kafin a haife ni ta kai in rasa ɗan'uwana da ke raye.

Da suka gama wasan suka sake shi da kansu, ba talla ba komai. Ya tafi a hankali. Tsofaffin ɗalibaina da suka zama malamai su suka fara kai shi aji. Wata ta kira ni ta ce yaran da ba sa buɗe baki sun kusa dambe a kan ko ya kamata a jira wanda ya gaza, har wata yarinya ta koma gida ta tambayi kakarta su daga ina suke. Wani hafsan soja mai ritaya ya zo har gida neman Mu'azu, ya ce ya yi horo da na'urorin koyon yaƙi masu tsada, amma a nan ne ya ga abin da ya sani a daji: ka ba da umarni ka zauna kana jira, ba ka san ko ya isa ba. Masu zagi ma sun yi, wasu sun ce mun ci mutuncin magabata, wasu kuma daga can ɓangaren sun ce mun sassauta. Mu'azu ya koyi karantawa ya wuce.

Abin da ban sani ba shi ne gardamar ta shiga zauren Yaya. Ɗalibansa matasa suna buga wasan a ɓoye, suna kawo masa tambayoyi a kan hukuncin kamammu, wanda ya halatta da wanda bai halatta ba, tambayoyin da ya ce ya shekara yana karantar da babinsu ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Wata Alhamis da hantsi, ranar da ba karatu, ina shanya sai na ji sallamarsa a ƙofar gida. Na saki zanen ya faɗi ƙasa. Ya shigo yana dogara sanda, ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce ina yaron, a nuna masa abin da idonsa, ya gaji da ji a bakin mutane.

Mu'azu ya zaunar da shi, ya nuna masa yadda ake yi. Yatsunsa ba su saba ba, sai ya riƙa faɗa Mu'azu yana dannawa. Ya yi ta gyara musu ƙananan abubuwa, wai ba haka ake naɗa rawani ba, wai tutar ta yi ado da yawa. Suka tsallaka zuwa hanyar komawa. Da wasan ya tsaya a kan wani yaro da ya gaza, ya ce a jira. Aka jira, ruwa ya ragu. Wata tsohuwa ta gaza, ya ce a jira. Mu'azu ya ce a hankali:

"Kawu, in kana haka ba ka kaiwa gida. Ruwan na ƙarewa."

"Na gani. A jira."

Rundunarsa ta watse kafin ta kai rijiya ta gaba. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ni ina bakin ƙofa, Bulus yana can lungu. Na ɗauka zai tashi ya tafi. Sai ya juyo gare ni.

"Hadiza, abin da kunka nuna ya faru. Ban musu ba, ko wancan lokaci ban musu ba. Amma rabi kunka nuna. Ina alƙali?"

Na ce wane alƙali. Ya ce a cikin wasan nan sarkin yaƙi yana yin abin da ya ga dama, ba mai ce masa don me, kuma wannan ba haka yake ba. Akwai garin da ke da amana, ba a taɓa shi. Akwai wanda shari'a ta hana a bautar, in an kama shi yana iya kai ƙara a sake shi. Akwai fansa. An hana raba uwa da ƙaramin ɗanta. Malamai sun yi ta rubutu suna tsawata wa masu ƙetare iyaka, kuma yawan tsawatarwar shi ke nuna ana ƙetarewa. Ya ce in gaskiya muke so, a sa dokar, a sa masu bin ta, a sa masu take ta, mai wasa ya san lokacin da ya take. Na tsaya ina saurare, na ga yana da gaskiya. Ni na riƙe abin da kakata ta gaya mini, shi ya riƙe abin da ke cikin littattafai, kowannenmu yana ganin nasa ne duka labarin.

Bulus ne ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi yadda alƙalin zai kasance, don ya zana. Yaya ya dube shi, karo na farko da ya dube shi sosai, ya tambaye shi sunan garinsu. Da ya faɗa, ya ce ya taɓa ratsawa ta can yana saurayi, akwai sanyi da ruwa mai daɗi. Sannan ya ce kada ya zana alƙalin da ƙiba, alƙalan kirki ba su cika ƙiba ba. Ya ci abincin rana a gidan nan ranar, shi da babanku a kwano ɗaya.

Ban koma karatun matan aure ba, ya riga ya ba wata, kuma tana yi da kyau. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, mun tsufa da wannan. Amma gyaran da aka yi wa wasan na biyu, wanda alƙali ke ciki, da bakinsa aka yi shi, kuma waɗanda suka buga duka biyun sun ce na biyun ya fi wuya ya kuma fi daɗi. Mu'azu ya yi aurensa, yana da masu aiki tare da shi yanzu, sun koma wani ofis a cikin gari, ko da yake manyan gardandami har yau a zaurenmu ake yin su.

Wadda ake yi yanzu a kan sabon wasan zuwan Turawa ce, shi suke ginawa. Matasan ofis suna so a bar mai wasa ya iya korar su, ya ci nasara. Babanku yana bayansu da ƙarfinsa, ya ce shi dai a bar shi ya rama ko sau ɗaya kafin ya mutu. Ni da Yaya muna gefe ɗaya, mun ce da irin bindigogin da suka zo da su ba yadda za a yi a fili, sai dai a bar mutum ya zaɓi yadda zai fitar da jama'arsa da littattafansa. Jiya har babanku ya buga sandar Yaya a ƙasa don haushi, Yaya ya ce a mayar masa da sandarsa tun da ba da ita za a kori Turawan ba. Don haka in kun zo kun ji muryoyi sun tashi daga zaure, kada gabanku ya faɗi. Ku shiga ku gaida Kawunku, ku samu wuri ku zauna, in kuna da ra'ayi ku faɗa. Amma ku shirya, zai tambaye ku a ina kuka samo.